Ban Taɓa Kiran Sunanta Ba

Da sunan Allah nake buɗe shafin yau. Wata baiwar Allah ta rubuto min a sharhi ta ce, "Mardiya, kin ba mu labarin makaranta, kin ba mu na mai albasa, har kalar labulen ɗakinki mun sani, amma har yau ba ki faɗa mana sunan 'yarki ba." Na karanta na yi dariya, na ajiye wayar, sai kuma na sake ɗaukarta. Yau zan faɗa, 'yar uwa, amma sai kin bi ni ta doguwar hanya.

Ga waɗanda yau suka shigo, ni haifaffiyar Sabo ce, Sabon Ibadan, can bayan babban masallaci. Babana goro yake sayarwa. Mijina Salisu ya rasu a haɗarin mota a hanyar Legas ina da cikin fari, na dawo gidanmu na haihu. Da yarinya ta yi ƙwari sai na shiga kwalejin koyon jinya da kimiyyar lafiya, sashen gashin ƙashi. Mu ne masu koya wa wanda ɓarin jikinsa ya shanye yadda zai sake riƙe cokali, da wanda ya karye yadda zai sake taka ƙasa. Amma ku je ku gaya wa mutanen Sabo. Tunda suka ga farar riga, shi ke nan, na zama Nas.

"Nas, jiya da jiri na kwana," in ji Baba Ɗanliti mai nama na bakin layinmu, kullum in zan wuce.

"Baba, ni ba nas ba ce."

"To ai duk asibiti ne. Taɓa goshina ki ji."

Kullum da safe haka nake fita: farar riga har gwiwa da wando, ƙaramin hijabi fari, sannan in zumbula babban hijabina ruwan toka a kai, ba na cire shi sai keke ya wuce Mokola. Yarinyar kuwa tana bayan Inna, mahaifiyata, ta kwantar da kunci tana bi na da manyan idanunta. Ba na yi mata bai-bai. Ba na ce mata komai.

Kar ku yi saurin zagina. 'Yar fari ce, kuma sunan Inna aka sa mata, kun ga kunya biyu ke nan ta haɗu a kaina. Mutanen gida Ummi suke ce mata, ni ko Ummin ba na iya faɗa, sai dai "yarinyar nan" ko "'yar Inna". Ba na ɗaukarta a gaban mutane. Nono ma a ɗaki na ba ta, labule a sake, tun da aka yaye ta kuma ta koma shimfiɗar Inna. Haka Inna ta yi da yayana Manniru, haka aka yi da ita. Amma ni ke wanke kayanta da ruwan zafi, ni na san ranar rigakafinta, ni ke tafasa ruwan da za ta sha, in ta yi tari sau ɗaya a ɗakin Inna ni ce ta farko da ke miƙewa zaune a nawa ɗakin. Ina son ta ta bayan labule, shi ke nan.

Ranar Litinin ɗin da abin ya fara, darasin girman yara muke da shi, wanda ake haɗa mu da 'yan jinya da 'yan gwajin jini da masu haƙori a babban aji. Malama Ni'imatullahi ce ke koyarwa, wata 'yar gajeriyar Bayarabiya mai gilashi a kan hanci, ɗaurin ɗankwalinta kullum kamar za ta biki. Da Turanci take yi, in abin ya yi zafi ta juye Yarabanci. Ni dai da Hausa zan ba ku.

Tana cikin magana ta ce mu kwafi abin da ke allo. Muka duƙufa. Ashe ta zagaya can bayan aji. Sai ji muka yi tiren ƙarfe ya daki siminti, ƙwaram! Wannan ta ce Innalillahi, wancan ya ce Jesu, birona ya yi tsalle ƙarƙashin benci.

"Kun gani?" ta ce tana tahowa a hankali. "Babu wanda ya gan ni, amma duk kun juyo. Aikin kunne ke nan. Yaro kafin ya shekara, in aka kira sunansa daga baya ya kamata ya waiwayo. Daga baya na ce. In kika tsaya gabansa, ido kike gwadawa. Kar inuwarki ta faɗa gabansa, kar ki taɓa shi, kar ki buga ƙafa, don ƙasa ma tana kai saƙo. Oya, masu 'ya'ya su ɗaga hannu."

Ni ban ɗaga ba. Sakinat ce ta cafko hannuna ta ɗaga min. Ƙawata ce, Bayarabiyar Mokola, Hausa a bakinta kamar a Sabo aka yanke mata cibiya.

"Ma, ga Iya Ummi nan!"

Na harare ta. Na sha hana ta kirana da wannan sunan.

"Iya Ummi," Malama ta ce tana leƙena ta saman gilashi, "'yarki tana da wata nawa ta fara amsa sunanta?"

"Ban sani ba, Ma."

"Ba ki lura ba?"

"Ban taɓa kira ba."

Aji ya kwashe da dariya, sun ɗauka wasa nake. Malama ba ta yi dariya ba. Ta ɗan dube ni, sannan ta ci gaba, ta lissafo abubuwan da kan taɓa kunnen yaro: sanƙarau, ƙyanda, wasu magunguna masu ƙarfi, da shawara mai tsanani a kwanakin farko na haihuwa. A nan biro ya tsaya a hannuna. Na tuna idanun yarinyar nan kafin suna, rawaya kamar an ɗiga musu manja. Inna ta riƙa shanya ta a hantsi, muna cewa zai wuce, sai da ta ƙi kama nono muka ruga asibiti aka kwantar da ita ƙarƙashin shuɗiyar fitila.

Da muka fito Sakinat ta tare ni a gindin mangwaro.

"Da gaske ba ki taɓa kiranta ba? Ah ah! Ku Hausa da wahala. Mu nan mace na haihuwa sunanta ya ɓace, ta koma Iya wane. Ku kuma sunan ɗan ne ke ɓacewa."

"Kunya ce, ba za ki gane ba."

"To ki yi kunyar, jare. Amma ki je gida ki duba."

Na je gida na duba. Wallahi ban fara da tsoro ba, son sani ne ya fara cina, kamar an ba ni aikin gida. Na zauna a bakin ƙofar ɗakina da littafi a cinya kamar mai karatu, ina kallon 'yata ta saman shafi.

Ku da ba ku san Sabo ba, ku sani ba mu da shiru. Injin markaɗe ne a jikin katangarmu. Lasifikar masallaci saitin tagar Inna take. Ga janareton mai wankin hula, ga hon ɗin okada, ga Gwaggo Amariya, ƙanwar Baba, wadda in tana waya da 'yan Kano ba ta buƙatar wayar. A cikin wannan duka yarinyar nan take barcinta a tabarma, ko motsi. Kowa ya shigo sai ya ce, "Wannan 'ya akwai haƙuri, masha Allah." Ni ma da haka nake jin daɗi a raina.

Sai na fara ganin abubuwan da kullum suna gabana. In Inna na lazimi, sai ta ɗora 'yar tafin hannunta a maƙogwaron Inna ta yi lamo. Tana son jingina kunci a jikin firji in an kawo wuta. Da can tana yin ba-ba-ba ɗin nan na jarirai, ban san ranar da ta daina ba. Kuma babu mai kiranta daga nesa, don ba ta taɓa yin nesa ba. Daga bayan Inna sai cinyar Inna. Mai son ta sai ya zo gabanta ya tafa hannu ya ce Ummi, ita kuma ta yi dariya. Wadda ya kamata ta riƙa ƙwala mata kira daga madafi, daga bakin rijiya, daga ɗaki, ita ce ni.

Ga kuma takalmin Uwaisu.

Uwaisu shi ne mai albasar da ake tsokanata da shi. Dillalin albasa ne a kasuwar Akinyele, mutumin Zariya, dogo, mai sanyin magana. Duk turaren da zai fesa in ya zo zance, albasar tana leƙowa ta ƙasa, har na saba. Shi ne namiji na farko da ya ce min, tun ban tambaya ba, "Da 'yarki zan ɗauke ki." Abu ɗaya ke damuna game da shi: bai taɓa haɗa ni da mahaifiyarsa a waya ba. Kullum sai "Umma na gaishe ki." In zai kira ta kuwa sai ya shiga mota ya ɗaga gilashi, ya jingina wayar a sitiyari. Ni na riga na yanke a raina cewa ba ta son bazawara mai 'ya, yana ɓoye min ne.

To shi ya kawo wa yarinyar takalmi ja, irin mai kukan tsi-tsi in an taka, da 'yar wuta mai walƙiya a dunduniya. Yaran gidanmu in suka samu irinsa sai sun ishi kowa da tsalle don su ji kukan. Ita kuwa cirewa take ta riƙe a hannu, ta matsa, ta ƙura wa wutar ido.

Ranar Talata na gwada. Tana zaune tana ba ni baya, na saki farantin silba a siminti. Ta waiwayo! Na ce alhamdulillahi har cikin ƙashina. Sai kuma na lura da inda take kallo. Ba ni take kallo ba, ba farantin ba. Kazar Inna ce ta firgita ta tashi fir ta gabanta, ita take bi da ido.

"Ke wai lafiyarki?" Gwaggo ta ce tana dafe ƙirji. "Karatun ne ya fara taɓa ki?"

Washegari bayan azahar na samu Inna a madafi tana tsince shinkafa. Na tsuguna ina taya ta, na faɗa mata a hankali, kaina a ƙasa. Na ce Malama ta ce akwai sashen kunne a babban asibiti, ranar Alhamis suke ganin yara, za ta haɗa ni da wani a can. Ban san Gwaggo na bakin ƙofa ba.

"Auna me? Yaran Sabo duk haka suke. Hausa a tsakar gida, Yarabanci a ƙofar gida, Turanci a talabijin. Da wanne za ta fara? Manniru sai da ya kusa shiga Islamiyya ya buɗe baki, yanzu wa ke iya sa shi ya rufe?"

"Gwaggo, Yaya Manniru yana waiwayowa in an kira shi."

"Ke kika raine shi?" Ta shigo ta janyo kujera 'yar tsugunne, ta rage murya, wanda a wajenta shi ne muryar mutane ta kullum. "Saurara, Mardiya. Asabar ɗin nan Murja yayar Uwaisu za ta zo su ga gida, kafin maza su zo sa rana. Namiji nawa ne zai ce da 'yarki zai ɗauke ki? Ki je asibitin nan, akwai 'yan Sabo a kowane lungu, kafin ki hau keke labari ya riga ki gida: 'yar Mardiya kurma ce. Danginsa su ce a bar ta a nan. Dangin ubanta na Funtuwa su ji, su ce a kawo musu abarsu. Ki bari a ɗaura aure bayan babbar Sallah, in kin shiga ɗakinki ki kai ta duk inda kike so."

"Malama ta ce lokacin koyon magana ba ya jira. In akwai abin da za a yi mata, yanzu ne ya fi amfani."

"Malama, Malama. Malamar ce za ta aure ki?"

Na dubi Inna. Tsakuwa ɗaya take ta juyawa a tsakanin yatsu.

Gaskiya zan gaya muku, maganar Gwaggo ta shige ni. Ba mugunta take ba, ita ta yi ta kai-komo a kan auren nan, har atamfar da zan sa ranar Asabar ita ta ciro daga cikin kayan sayarwarta. Wannan Alhamis ɗin ta zo ta wuce ban je ko'ina ba.

Da yamma saƙon Uwaisu ya shigo.

"Nas ɗin Sabo, ya makaranta?"

"Ni ba nas ba ce."

"To mai gasa ƙashi. Ya Ummi da takalminta?"

Na rubuta, "Uwaisu, ina jin yarinyar nan ba ta..." Na goge. Na rubuta, "Akwai maganar da nake son mu yi." Na goge. Na tura masa, "Lafiya lau. Ka gaida Umma."

"Tana gaishe ki."

Ko tambayarta bai yi ba, na ce a raina.

Asabar ta zo. An share tsakar gida an yayyafa ruwa, an shimfiɗa sabuwar darduma, Inna ta yi waina da miyar taushe, Gwaggo ta aika aka sayo lemo mai sanyi. Na sa atamfar, kore da ruwan ƙwai, ɗinkin riga da siket, na yafa mayafi ruwan ƙwai. Anti Murja ta iso da hantsi ita da wasu mata biyu. Doguwa ce kamar ƙaninta, baƙar abaya, ba ta da yawan fara'a. Na fito na durƙusa na gaishe su, na koma gefe kusa da randa.

Yarinyar na zaune a tabarmarta can gaba, ta ba mu baya, tana jera maƙalan shanya ɗaya bayan ɗaya.

"Ina 'yar tamu?" Anti Murja ta ce tana ciro biskit daga jaka. "Ummi! Zo ki karɓa."

Ba ta waiwayo ba.

"Ummi?"

"Kunya ce da ita, uwarta ta gado," Gwaggo ta ce da sauri tana dariya. Na ga hannunta ya tafi ta ƙasa zai ja gefen tabarmar, don yarinyar ta ji motsi ta juyo.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Gwaggo, don Allah kar ki taɓa."

Tsakar gida ya yi tsit, sai injin markaɗe. Na miƙe. Na cire silifas. Na duba inda rana take, na zagaya ta inda inuwata za ta faɗi bayana. Na tsaya bayan 'yata, ina jin idon mata biyar a wuyana.

"Ummi," na ce. Muryar ta fito kamar ta aro.

Ta ɗauki jan maƙali ta ajiye kusa da shuɗi.

"Ummi!"

Ta ɗauki wani.

Na san ba ta san ɗaya sunan ba, ba mai kiranta da shi. Amma shi ne ya taso min tun daga ciki, sunan da aka raɗa mata, sunan uwata, wanda ban taɓa furtawa ba tunda na yi wayo. Na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa ba a gidan ubana.

"Amatullahi!"

Tantabarun Yaya Manniru suka watse daga kan kwano. Moɗa ta suɓuce daga hannun Inna. 'Yata ta ci gaba da jera maƙalanta, tana ɗan karkata kai tana duba ko layin ya miƙe.

Na juyo na durƙusa gaban Anti Murja.

"Anti, ina zaton ba ta ji. Ban tabbatar ba, sai an auna. Alhamis zan kai ta. Na fi son ku sani tun yanzu."

"Mardiya, kin kashe mu," Gwaggo ta ce can ƙasa.

Anti Murja ta tashi, ta zagaya ta gaban yarinyar, ta tsuguna. Ta sauke hannu ƙasa-ƙasa ta kaɗa yatsu har Ummi ta ɗago. Sai ta haɗa yatsunta ta kai baki, ta ɗaga gira, ta nuna biskit ɗin. Ummi ta ƙyalƙyale da dariya, irin mai ƙarfin nan, ta miƙa hannu biyu. Anti Murja ta shafa kanta, ta miƙe, ta ce wa Inna, "Sai kun ji mu." Ko wainar ba su taɓa ba.

Na tura wa Uwaisu duk abin da ya faru, ban rage komai ba. Ya buɗe. Bai amsa ba. Lahadi shiru, Litinin shiru, in na kira a ce wayar a kashe take. Gwaggo ta daina amsa gaisuwata, sai dai ta yi magana da randa in na zo wucewa. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, a banɗakin makaranta, Sakinat na tsaye a ƙofa tana ce min pele, wato sannu da Yarabanci. Amma ko a cikin kukan abu ɗaya na ta yi min yawo a kai: hannun Anti Murja. Ni da nake karatun lafiya ban san in sauke hannu ƙasa in kaɗa yatsu ba. Ita a ina ta koya?

Alhamis da safe na shirya, ba farar riga, doguwar rigata ta gida da hijabi. Na zuba ruwan zafi a fulas, na sa kunu da kayan canji a jaka. Na fito na samu Inna ta riga ta saka mayafi, yarinyar a bayanta. Na ɗauka haka za mu tafi kamar ranar rigakafi, ita da goyo ni da jaka. Sai ta kwance majanyi.

"Juya," ta ce.

"Inna, a cikin unguwa?"

"Tunda kin kira, sai ki goya. Juya."

Ta ɗora min ita, ta ja zanen ta ɗaure min da kanta, tamau. Ashe haka take da nauyi. Ashe haka numfashinta yake da ɗumi a tsakanin kafaɗa.

Muka ratso layi. Baba Ɗanliti ya tsaya da wuƙa a sama.

"Nas! Yau ke ce da goyo?"

"Ni ce, Baba."

"To Allah Ya raya. In kin dawo ki duba min gwiwar nan."

Wannan kam aikina ne, amma ban tsaya ba.

A bakin titi, inda muke tsayawa neman keke, na fara jin warin albasa kafin in ga motar. Uwaisu na jingine da ita, rigarsa duk ta yamutse, idonsa ja. Ya gaida Inna har ƙasa. Ni ko kallonsa ban yi ba.

"Zariya na je," ya ce. "Da asuba muka iso Ojoo, nan bakin Ibadan. Maganar ba ta waya ba ce."

Ya buɗe ƙofar gaba. Wata dattijuwa ce zaune, siririya, farin mayafi, lalle har wuyan hannu. Na durƙusa da goyona na ce, "Ina kwana, Umma." Ta dubi bakina, ba idona ba. Ta yi murmushi. Sannan ta sauke hannu ƙasa-ƙasa ta kaɗa wa Ummi yatsu.

Na juya na dubi Uwaisu.

"Sanƙarau ne, tun tana ƙarama," Uwaisu ya ce yana kallon taya. "Da maganar hannu ta raine mu duka. Na so in gaya miki tun farko. Anti Murja ce ta ce a bari sai an ɗaura."

Inna ta saki wata 'yar dariya ta rufe baki da mayafi. Ni ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

"Takalmin nan mai wuta," na ce, "da sani ka saya?"

"Zato ne kawai. Ta ina zan fara gaya wa uwa?"

Umma ta taɓa hannunsa. Ta nuna Ummi, ta nuna kunnenta, ta yi wasu abubuwa da sauri, ta ƙare da kaɗa hannu wajen titi.

"Ta ce ita a lokacinta babu inda za a kai ta. Ta ce me muke jira."

Sai ta ƙara wani abu, wannan karon ni take nunawa, ta dafa ƙirjinta, ta haɗa yatsu biyu, ta zungure shi da gwiwar hannu. Uwaisu ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

"Me ta ce?"

"Ku shiga mota, za mu makara."

"Uwaisu, me ta ce?"

"Ki koya, sai ki tambaye ta."

Har muka isa bai faɗa ba, kuma har yanzu da nake rubuta muku bai faɗa ba. Amma na riƙe yadda hannun ya yi, ina ta maimaitawa a ƙarƙashin hijabi.

A asibiti muka zauna a dogon benci, Inna a damana, Umma a haguna, Uwaisu a tsaye jikin bango. Rana ta ɗaga sosai kafin wata ma'aikaciya ta leƙo.

"Amatullahi Salisu! Ina uwar yarinya?"

Inna ta yunƙura, don ita ta saba amsawa. Sai ta koma ta zauna, ta tura ni da kafaɗa.

"Ga ni," na ce.

Ɗakin ƙarami ne, bangonsa da laushi kamar katifa. Da aka rufe ƙofa sai na ji wani irin shiru da ban taɓa ji ba tunda aka haife ni a Sabo. Na kwance goyo na zaunar da ita a cinyata. Ta dubi baƙon ɗaki, ta dubi mutumin da ke warware wayoyi, bakinta ya fara rawa za ta yi kuka. Ta waiga neman Inna, babu Inna. Sai ta ɗago 'yar tafin hannunta ta ɗora a maƙogwarona.

To, baiwar Allah mai tambaya, ga sunan nan kin ji. Na faɗa mata shi a hankali, na sake faɗa, tana jin sa a tafin hannunta, har ta yi lamo a ƙirjina.

"Madam, riƙe ta haka," mutumin ya ce, ya matso da abin kunnen.